Abin da Ya Rage a Kaset ɗin Baba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga mai sunan Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da ban saba yi maka da baki ba. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka lafiya, ko kana cikin mota ko ka riga ka sauka Kano. Allah ya tsare hanya, ya tsare direba da abin da ya ɗauko, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka.

Ka san ba na iya zama da kai in yi doguwar magana. Kai ne ɗan fari, kuma sunan surukina ke kanka, kunya biyu ke nan ta haɗe mani wuri ɗaya. Shekara goma sha tara ban kira sunanka ba. In ina nemanka sai in ce wa ƙanwarka, "Binta, kira mani wancan." Takarda kuwa ba ta kallon mutum, shi ya sa na ɗauko ta. Binta za ta sa maka ita a jaka, ƙarƙashin ƙullin dambu. Tare da ita akwai kaset guda na naɗe a tsohon kallabina. Kada ka kunna shi sai ka ida karatun nan.

Ranar Talata ka shigo tsakar gida kana gaya wa babanka cewa Alhajin nan mai neman kujerar ciyaman ya ji ka kana waƙa a wani biki a Kambarawa. Ya kira ka gefe, ya ce zai tura ka situdiyo a Kano, a buga maka fiyano, ka yi mashi waƙar zaɓe. Ina bakin murhu ina jin ku. Ba zan ɓoye maka ba, na yi murna. Kafin ka rufe baki na riga na hango ka cikin farar mota, ka tsaya ƙofar gida, mata na leƙe. Haka kaina yake tun ina yarinya, ba ya jiran a gama labari. Sai ka ce ba kowane kiɗa Alhajin ke so ba, wanda ka yi na ƙarshe yake so, wanda ka koya a bakina. Ka rera kaɗan don babanka ya ji. A nan murnar ta tsaya. Na ci gaba da tuƙa tuwo, babanka kuwa ya ce dai Allah ya sa alheri.

Kiɗan nan ba nawa ba ne. Na kakanka ne. Kuma Alhajin ya san shi tun kafin ka iya zama.

Ka san ƙarfen nan da ke tsaye a kwanar layinmu, inda maƙwabciyarmu Talatu ke ɗaure akuyarta. Kullum kana wuce shi. Famfo ne. An kafa shi shekarar da aka kawo ni gidan nan, lokacin da soja suka ba farar hula mulki karo na farko. Alhajin naka a lokacin saurayi ne, kansila, bai je Makka ba tukuna. Shi ya zo buɗewa. Aka ɗaura jan ƙyalle, aka tara mutanen Gobarau, sai aka tuna ba a zo da almakashi ba. Aka shigo zaurenmu aka ari na babanka, yana kan ɗinki. Kansila ya yanka ƙyalle, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo. Mata suka yi guɗa. Ni ma na ji daga cikin gida na taya su, ko da yake amarya ce ni, ban fita ba.

Kashegari aka murɗa, ko ɗigo. Daga baya aka gane tanki ne aka girke a bayan katanga, mota ta zo ta cika shi ana gobe buɗewa. Bututun bai haɗu da komai ba. Har yau bai haɗu ba.

Baba, kakanka, mai gurmi ne. Kana shekara huɗu ya rasu, na san ba ka riƙe kamanninsa ba. Ɗan siriri ne, ba ya son hayaniya, yana zama a zaure da hantsi yana gyara tsirkiya. Yana zuwa biki da suna kamar kowane makaɗi, yana yabon ango da dangin amarya, a ba shi abin da aka ba shi. Amma a kowane zama sai ya saka waƙa ɗaya wadda ba ta kowa ba ce. Ya yi ta tsadar taki. Ya yi ta alƙalin da ke barci a kan shari'a. Ya yi ta mazan da ke cin tsire a tasha su koma gida hannu wayam, wadda ta sa maza da yawa suka yi fushi da shi. Ba ya zagi, ba ya kama sunan uban kowa. Tambaya yake yi, ya maimaita ta har ta zauna a bakin mutane. Da famfo ya yi kwana uku a bushe, sai ya yi wannan:

Ran buɗe famfo mun sha mun wanke,
Kashegari tulu ya koma gida da ƙishi.
Mai almakashi, ina ruwa?

Cikin sati ɗaya 'yan ga-ruwa na rera ta suna tura kura. Kansila ya zama Mai Almakashi, daga Gobarau har Ƙofar 'Yandaka. Ya aiko a ce wa Baba ya bari. Baba ya ce wa ɗan aiken, "Ka gaishe shi. Ka ce ran da ruwa ya zo ni zan fara yi mashi wata." An daina kiran Baba wasu gidajen biki. An kira shi gidan rediyo sau ɗaya, aka ce ya yi duk wadda yake so ban da ta famfo, ya rataya gurminsa ya dawo.

Ni a lokacin duk wannan bai dame ni ba, kuma nan kuskurena ya fara. Ina da shekara goma sha takwas, ina son kiɗan Indiya da ake sakawa a rediyo, ina son a yi maganar zuciya da ido da wata. Waƙar Baba kuwa taki ce da tulu da alƙali. Ina jin ta ta bayan bangon zaure kullum, kamar yadda ake jin keken ɗinki. Wata rana ya ɗaga murya daga zaure, don ba ma haɗa ido, ya ce, "Amarya, kin ji sabuwar?"

Na ce, "Na ji, Baba. Kiɗan akwai daɗi."

Ya yi dariya. Ya ce wa babanka, "Ka ji ko? Kiɗan ta ji. To, ba laifi, shi ma abu ne."

Ban gane ya ji ciwo ba sai bayan shekaru. Shekara biyar ina gida ɗaya da mutumin nan, yana faɗin abin da ke damun unguwa, har da ni da nake jiran ɗan ga-ruwa tun safe ban ɗora girki ba, amma kiɗan kawai na ɗauka. Don haka in ka je Kano, duk waƙar da aka miƙa maka, ka raba ta da kiɗanta ka karanta ta a takarda, da rana, kamar yadda kake karanta wannan. In ka ga babu abin da za ka iya maimaitawa gaban tsofaffin layinmu, fiyano ba zai ƙara mata komai ba. Zai dai ɓoye ramin.

Ranar sunanka wani malamin makaranta abokin babanka ya zo da rediyo mai ɗaukar magana. Bayan an ci tuwo da rana Baba ya zauna ƙofar gida ya buga, malamin ya ɗauka, ya ba mu kaset ɗin kyauta. Shi ke nan muryar Baba da ta taɓa shiga na'ura a duniya. Babu wani. Da ya rasu babanka ya sa shi a akwati tare da hularsa da casbinsa.

Soja suka dawo. Kowa ya kama bakinsa. Makaɗa suka koma yabon masu hannu da shuni da waƙar aure, ban kuma ga laifinsu ba, sun ga abin da ake yi wa masu magana. A waɗannan shekarun ne ƙananan littattafan soyayya suka shigo gari. Ka san ni da su, har yau akwai biyu ƙarƙashin matashina, kuma ba zan ce maka na tuba ba. Sun raka ni zaman gida. Su suka hana ni manta karatun boko. Sai dai a lokacin sun cika mani kai har na daina ganin tsakar gidana. Ina shara ina tunanin saurayi mai farar mota da budurwar da ke kuka a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Na ƙona miya ba sau ɗaya ba.

Talatu ba ta yi boko ba, tana kuwa son labarin fiye da ni. Takan shigo da la'asar in karanta mata, sai a kira ta a tsakiyar daɗi ta tafi tana ƙunƙuni. Wata rana ta ce, "Ke da kuke da rediyo mai ɗauka, ki karanta a kaset mana. In ji a ɗakina, in ba maƙwabta su Lami su ma su ji." Babanka ya sayi irin rediyon a shekarar. Na duba babu kaset ɗin da babu komai a kai. Na buɗe akwati.

Ina so ka san ba kuskuren hannu ba ne. Kaset na da wani ɗan rami a ƙeya, wanda in an ɓalle murfinsa jan madannin nan ba ya dannuwa, don kada a shafe abin da ke ciki. Malamin ya ɓalle shi tun ranar suna. Na danna ya ƙi. Talatu ta ce ai ɗan'uwanta takarda yake cusawa. Na yagi gefen littafin, na murza, na cusa a ramin da tsinken tsintsiya. Ya dannu. Na faɗa wa kaina cewa ba mai jin kaset ɗin nan, shekara uku yana kwance. Na karanta fuska ta farko, na juya, na karanta ta biyu, ina canza murya in na zo wurin saurayi. Kaset ɗin ya zaga gidaje bakwai a layinmu. Mata suna aiko mani da gaisuwa. Na ji kaina wata babba.

Abin da zan ce maka a nan gajere ne. In ka iske an toshe abu, ka tsaya ka tambayi wanda ya toshe shi dalili, kafin ka nemi tsinke. Kuma kada ka ce abu ba shi da amfani don an daɗe ba a taɓa shi ba. Wani abin ajiye shi ne amfaninsa.

Bayan wata biyu ƙanwar babanka ta zo daga ƙauye ta ce tana marmarin jin muryar Baba. Babanka ya ce in ɗauko. Na shiga ɗaki na tsaya gaban akwati, na fito na ce kaset ɗin ya lalace, zafi ya narkar da zaren. Ta yi salati, ta share hawaye da gefen mayafi. Babanka ya ce, "Allah ya jiƙansa," ya koma zaure. Ni kuwa na karɓo shi daga gidan Lami na tura ƙasan kwallata. Shekara goma sha biyu yana nan.

Na yi ƙoƙarin gyarawa sau ɗaya. Ina dawowa daga awo da cikin autanmu, na tsaya wurin mai sayar da kaset a Ƙofar 'Yandaka. Dattijo ne, ya san Baba. Na tambaye shi ko wani ya taɓa ɗaukar mai gurmin Gobarau. Ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Mai famfo? Allah ya jiƙan maza. Ke mi za ki yi da shi?"

Na ce surukina ne.

Ya ce, "To ku da kuke gidansa ba ku da shi, ni zan samu? Uwar gida, ko ina da shi wa zai saya? Mutum ya wuni yana bin ruwa, ya dawo gida ya kunna famfo kuma? Duba nan." Ya nuna mani layin da ke gabansa. "Wannan masoyiya, wannan rabin rai, wannan Alhaji wane ya fi Alhaji wane. Su ke tafiya. Ku mata ku kuka fi saye, kada ki ce ba haka ba."

Ban ce ba haka ba. Na sayi guda na masoyiya don kada in tafi hannu wayam, na kuma ji daɗinsa.

Na daɗe ina juya maganar dattijon nan. Mutane na cewa mawaƙan yanzu sun lalace, ba su san komai ba sai so da roƙo. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce. Katin zaɓen waƙa nawa na aika gidan rediyo a rayuwata, ban taɓa neman a sa mani waƙar da ta ce komai a kan asibiti ko makaranta ba. A biki in makaɗi ya fara irin ta Baba sai mu ce ya canza, mun zo rawa ne. Da farko tsoro ne ya sa aka yi shiru. Daga baya tsoron ya zama sabo, sabon ya zama daɗi. Yanzu ga soja na shirin komawa bariki, an ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, sai aka duba aka ga babu wanda ya riƙe yadda ake yi. Motocin zaɓe na wucewa ta layinmu da lasifika, kowace da waƙarta, in ka cire sunan mai ita ka sa na abokin hamayyarsa ba abin da zai canza. Wannan zaki ne, wancan ma zaki ne. Ba wanda ya ce taki, ba wanda ya ce ruwa. Suna wuce akuyar Talatu su tafi.

Ba na son ka raina waƙar so. Mutum na buƙatarta, ni shaida ce. Ba na kuma ce kada ka yi wa ɗan siyasa waƙa, Baba ma ya yi wa wasu, waɗanda ya ga aikinsu da idonsa. Sana'a ce, kuma ba a cin abinci da taurin kai kaɗai. Abin da nake so shi ne ka riƙe al'adarsa ta waƙa ɗaya. A kowane zama, ko goma ka yi na masu biki, ka bar guda wadda ba ta kowa ba ce, ta mutanen da ke tsaye a baya ba a ba su kujera ba. In ka fasa yin ta sau ɗaya don mai gida na kallo, karo na biyu ba sai ya kalle ka ba.

Saura kuskuren da ya fi shafar ka. Na shafe kalmomin Baba, amma kiɗan ya ƙi fita kaina. Ina wanki yana zuwa, ina daka yana zuwa. In na rera da kalmominsa sai in tuna kaset ɗin da ke ƙasan kwalla. Sai na ɗauko kalmomi daga littattafaina na ɗora a kai. Inda ya ce "Mai almakashi, ina ruwa" na sa "Mai farar mota, ina zuwa." Da shi na yi renon Binta, da shi na yi na auta. Kana zaune kana wasa da gwangwani kana ji. Ka tashi kana tsammanin waƙar so ce ta mahaifiyarka. Ban taɓa gyara maka ba, don gyarawar na nufin in faɗi sauran.

To ka ga abin da Alhajin ya ji a Kambarawa. Ya ji kiɗan da ya bi shi shekaru, a bakin jikan wanda ya yi shi, mai sunansa, kuma babu almakashi a ciki. Ba na cewa mugun mutum ne, ban san zuciyarsa ba, wataƙila ya canza. Na dai san mutum ne mai lissafi. Matasa ba su san Mai Almakashi ba. Tsofaffi sun sani, amma in ba a taɓa kiɗan ba ba sa tunawa. In motarsa ta zaga Gobarau da wannan kiɗa, da muryarka, ana ce mashi zaki, tsofaffi za su ce ai gidan mai gurmin ma sun yafe. Bayan wata uku duk wanda ya ji kiɗan sunan Alhaji zai faɗo mashi. Ni na cusa takarda a kaset guda. Shi yana so ya cusa ta a kunnen unguwa gaba ɗaya, kuma kai ne tsinken.

Jiya bayan azahar na yi abin da ya kamata in yi tuntuni. Na ɗauko kaset ɗin na iske babanka a zaure yana kan keke, babu kowa. Na durƙusa na aje shi kan teburin yanka. Na ce, "Malam, zafi bai narkar da shi ba. Ni na shafe."

Bai tsayar da keken ba sai da ya kai ƙarshen layin. Ya ɗauki kaset ɗin, ya juya ƙeyarsa, ya sa allura ya zaro 'yar takardar.

Ya ce, "Na sani. Na ji muryarki na fitowa daga gidan Talatu, kina cewa wani ya tsaya kada ya tafi. Na buɗe akwati ban gan shi ba."

Na ce, "Shekara goma sha biyu ba ka ce komai ba?"

Ya ce, "Mi zan ce? Ke kin shafe, ni na ji sanyi." Ya aje allurar. "Almakashina ne fa. Ran da waƙar ta fito kansila ya kwashe ɗinkinsa daga nan, shi da mutanensa. Na yi wata ban gaida Baba da sakin fuska ba. Ina so a ce mani tela, ba ɗan maroƙi ba. Da kika ce ya narke sai na ce an huta."

Na ce to yaron nan gobe zai tafi. Ya ce ya sani, tun Talata bai yi ɗinkin kirki ba, ya yanka wuyan riga biyu a karkace. Sai ya ɗora ƙafa kan keke, bai taka ba. Na ji ya fara rera wani abu ƙasa-ƙasa. Shekara ashirin ina aure da mutumin nan ban taɓa jin ya rera ko tallar goro ba. Murya gare shi, irin ta Baba, sai dai ta yi tsatsa. Ya ce:

Tsohuwa ta yi taimama gaban famfo sabo,
Ɗiya ta bar allo tana bin layi da tulu.
Mai almakashi, ina ruwa?

Ya ce, "Kina da biro? Rubuta, kafin su gudu." Muka zauna har la'asar, shi ya tuno wani, ni in tuno wani, mu yi gardama kan wanda ya riga. Baiti shida muka samu. Baba ya fi goma sha biyu, sauran sun tafi ke nan. Shidan suna bayan takardar nan, na rubuta su da manyan baƙaƙe.

Kai babba ne yanzu, ba zan ce kada ka shiga situdiyo ba. In kana so ka yi wa Alhaji waƙa, ka ƙirƙiro mashi kiɗa sabo, Allah ya ba ka kunnen yin haka. In ya ce lallai sai wannan, ka gaishe shi da ladabi, ka ba shi amsar da kakanka ya ba ɗan aikensa, cewa ran da ruwa ya zo kai za ka fara yi mashi. Wataƙila ya fasa kai ka ko'ina. Wataƙila ka dawo a motar haya yadda ka tafi, in sake ajiye farar motar a littafi inda na samo ta. Babanka ya ce in gaya maka akwai keke na biyu a zaure, kuma mutum na iya ɗinki da rana ya je biki da yamma. Shi ya faɗi haka da bakinsa, ni ban ƙara ba.

Yanzu maganar kaset. In ka samu rediyo, ka sa fuska ta biyu. Ka tura shi gaba, ka yi ta turawa. Ina roƙon ka kada ka tsaya sauraron abin da ke tsakiya, muryata ce ina abin da bai kamata ɗan fari ya ji ba, kuma in ka ji kada ka taɓa nuna mani ka ji. Littafin ya ƙare kafin zaren ya ƙare, na kashe na tashi duba tukunya. Saboda haka akwai saura a can ƙarshe, bai fi tsawon alwala ba. Za ka ji ƙarar madanni, sai gurmi ya shigo a tsakiya. Baba zai yi tambayarsa sau biyu. A ta biyun wani jariri zai tsala kuka daga cikin gida, mutane su yi dariya. Baba zai tsayar da kiɗa ya ce, "To, ga mai sunana ya amsa." Daga nan zaren ya ƙare.

Kai ne jaririn. Kwananka bakwai.

Ka ji shi kafin ka tsaya gaban fiyano, ba bayan ka tsaya ba. In ka gama ka duba ƙeyarsa, babanka ya cire takardar, ramin na nan a buɗe. Ka bar shi haka.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Kada ka sha ruwan da ba ka ga inda aka ɗebo ba. Dambun ba zai wuce kwana huɗu ba, ka ci ka ba na kusa da kai. Ka yafe mani abin da na ɓoye maka. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya tsare maka harshenka da mutuncinka, ya sa muryarka ta amfani mutane. Allah ya jiƙan wanda ka ci sunansa, ya shayar da shi daga ruwan da ba ya yankewa. Amin.

Wassalam.

Ni ce,
wadda Binta ke kira Umma.
Gobarau, Katsina.